Shanya a Daɓen Gwamnati

Duk baƙon da ya zo Tungar Rimi ya tambayi inda ake ƙwallon hannu, sai a ce masa, "Filin Malam Sahabi? Miƙe nan, yana bayan makaranta." Ni ne Sahabin. Da can in na ji an faɗi haka, har kaina nake ji yana kumbura. Yanzu kuwa, wallahi, na fi son mutum ya tare ni a hanya ya zage ni.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da wasanni a firamaren garinmu, nan bakin ruwa, ba nisa da Wara. Ba mu da fili sai wani faƙo mai tsakuwa bayan ajujuwa. Ko farar ƙasa ta jan layi ba mu da ita, saboda haka da ƙafata nake ja. Ƙafata ta hagu ta karye tun ina kwalejin horon malamai, ɗorin bai zauna daidai ba, tun daga nan jan ta nake yi tana karkata waje. Kowace safiya sai in zagaye faƙon ina jan ta, ta bar layi mai zurfi a ƙasa, yara su tsaya a kai. Na san suna kwaikwayona a bayan idona. Ban damu ba, tunda layi yana fita.

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wa gwamnati takarda a yi mana fili na gaske. Na hau mota zuwa Birnin Kebbi har direbobin tasha suka san ni, suna ce mini Malam Mai Takarda. Na zauna kan bencin ofis tun safe har a tashi aiki. Na yi ritaya ban daina ba. Matata Safiya takan ce, "Kai dai da wanga hili za a binne ka." Ni kuwa ina da zuciya, na sani, abin da na sa gaba ba na saki.

Rannan sai ga tifa da siminti. Aka zuba mana daɓe, tsawonsa mita arba'in, faɗi ashirin, sumul, aka ja layuka da farin fenti. Ranar da aka gama na tsaya a tsakiyarsa na yi hawaye, ban ɓoye wa kowa ba. Aka ce mana wannan kashi na farko ne. Kashi na biyu shi ne shingen waya, da raga biyu na ƙarfe, da rumfa, da ɗakin da 'yan mata za su canza kaya. Amma da sharaɗi: za a turo mai duba aiki ba tare da sanarwa ba, ya ga ko wasa ake yi a kai. In an samu akasin haka, kason namu zai koma wani gari a ƙaramar hukumar Shanga da ke biye da mu a layi. Aka naɗa ni shugaban kwamitin kula da fili.

To, wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane abin da daɓe irin wannan yake nufi a garin shinkafa ba. Mu shanya ita ce wahalarmu. A bakin titi ake yi, mota ta taka, awaki su ci, tsakuwa ta shiga. Sai ga siminti shimfiɗe, ba ƙasa, ba tsakuwa, rana tana dukansa tun safe har yamma! Mata in sun zo wucewa da ruwa a ka, sai ka ga sun rage tafiya suna kallonsa. Na ga kallon nan, na je wurin Magaji, maigarinmu, na ce a kafa doka. Ni da bakina na faɗi hukuncin: duk wanda aka kama da shanya a daɓen, mai shela ya zagaye gari da sunansa. Magaji ya ce, "Malam, bai yi tsauri ba?" Na ce ko kaɗan.

Wadda na fara kamawa Hansatu ce. Mijinta ya rasu a ruwa shekara biyar da suka wuce, sana'arta gumi, wato ta turara shinkafa ta shanya ta kai inji ta sayar. Gidanta ne mafi kusa da filin. 'Yarta Ummi ita ce mai tsaron gida a ƙungiyarmu ta ƙwallo, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, doguwa, ba ta tsoron ƙwallo ko a fuska aka nufe ta. Tun da nake ban ga yaro mai hannunta ba.

Na iske Hansatu ta shimfiɗa kamar tiya goma a wata kusurwa, can wajen layi. Ta gan ni ta miƙe da sauri.

"Malam, yau ɗai na. Hadari ni ka gudu. Ko layinku ban taɓa ba."

Da na ce ta kwashe kawai, da magana ta ƙare. Ina! Zuciya ta ɗebe ni. Na sa ƙafa na ture shinkafar nan daga kan siminti zuwa cikin ƙasa, ina faɗa, mata suna tsaye bakin famfo suna kallo. Na ce irinsu ne ba sa son gari ya ci gaba. Na ce shekara goma sha ɗaya na yi ina zaman benci, ba don wata ta zo ta mai da mini daɓen tabarmar gidanta ba. Ta durƙusa tana tsince shinkafar daga cikin tsakuwa tana zubawa a zane. Magaji ya roƙe ni a bar maganar shela tunda karon farko ne, na bari da ƙyar, ina jin kaina mai adalci.

Bayan haka ba wanda ya ƙara kusantar daɓen da ko ƙwaya ɗaya.

Gonata tana gungu, tsibirin da ke ƙetare. Da kaka ta yi muka yanke, muka sussuke, buhu tara Allah ya ba ni, abincin gidana na shekara ke nan. Dogo mai jirgi ya ɗauko mini. Muna tsakiyar ruwa iska ta taso, igiyar ruwa ta riƙa zubowa cikin jirgi, muna kwarfewa tana ƙaruwa. Allah ya fitar da mu, amma buhunan nan sai da suka sha ruwa sharkaf. Na kai gida na baje abin da tsakar gida za ta ɗauka, bai kai buhu biyu ba. Washegari na sa hannu cikin sauran na ji ɗumi. Duk manomi ya san ɗumin nan. Kwana biyu kacal, ta fara tsira ko ta yi fumfuna, shi ke nan sai dai kaji.

Ranar kuma ta zo daidai da kasuwar Wara. Ranar kasuwa garinmu watsewa yake yi, maza da mata kowa ya bi mota ko jirgi, sai tsofaffi da masu jego. Yara suna aji, ba sa fitowa wasa sai bayan la'asar. Na zauna na yi lissafina na banza: in na baje da hantsi, rana ta dake ta, in kwashe kafin la'asar, wa ya gani? Na ce ai ni na kawo filin. Na ce ai yau ɗaya ce. Ban ma ji cewa maganar Hansatu ce nake maimaitawa ba.

Dogo ya kawo amalanke muka kai buhu bakwai. Ya dai kalle ni sau ɗaya. Muka zazzage, ta rufe daɓen tun daga wannan layi har kusan tsakiya. Na ba shi buhunan ya tafi da su don kada a ga shaida. Sai na cire takalmi na shiga juyawa. Mu nan da ƙafa muke juya shanya: ka shiga ciki kana jan ƙafafu, suna tsaga ta layi-layi, ta ƙasa ta dawo sama. Na bi ta daga wannan gefe zuwa wancan, na dawo, na sake. Da na gama na koma inuwar darbejiya bakin makaranta na zauna kamar mai shan iska.

Wajen sha biyu da rabi na ji ƙarar mota. Fara ce, mai lambar gwamnati. Ta tsaya daidai bakin daɓen, wata mata ta fito, da mayafi ruwan toka da fayil a hannu. Ta hango ni, sai ta taho da sauri ta rusuna.

"Malam! Ba ka gane ni ba? Nafisa ce, ta gidan Alhaji Bashir mai gishiri."

Ɗalibata ce. Shekara kusan ashirin da suka wuce ita ce kyaftin ɗin 'yan matana a faƙon tsakuwa, har ta buga wa jiha. Ashe ita aka turo duba aiki. Ta ce ita ta roƙa a ba ta Tungar Rimi, don ta zo ta ga filin malaminta. Tana faɗa tana dariya, sannan ta juya ta dubi daɓen, dariyar ta tsaya.

Kafin ka ce me, labari ya kai gidan Magaji. Ya taho da sandarsa, tsofaffi biyar suna biye, mata suka leƙo daga zaure. Kowa ya tsaya ya yi cirko-cirko. Nafisa ta taka a hankali ta zagaye shanyar, kanta a ƙasa. Ta daɗe a tsaye a wuri ɗaya. Ni kuwa ina tsaye a bayan Magaji.

Ta dawo ta buɗe fayil. Ba ni ta kalla ba, Magaji ta kalla, ta kuma ɗaga murya yadda har matan zaure za su ji.

"Baba, bari in yi muku bayanin takardar nan kafin in tambayi komai. Gida biyu na cikewa gare ta. In wani daga cikin gari ne ya shigo ya yi shanya saboda babu shinge, kwamiti bai sani ba, to zan rubuta haka, kuma wannan hujja ce ta a gaggauta shinge. In kuwa kwamiti ne da kansa ya mai da fili wurin shanya, dole in rubuta an karkatar da aiki, a cire sunan garinku. Ba ni da gida na uku." Ta numfasa. "To, shinkafar wa ce?"

Na buɗe baki. Allah shaida ne na buɗe. Amma me zan ce? In na ce tawa ce, shekara goma sha ɗaya ta tafi, shinge ya tafi Shanga, ragar Ummi ta tafi. Haka na riƙa gaya wa kaina. Gaskiyar kuwa ita ce, ba shinge kaɗai nake tunani ba. Matan bakin famfo nake tunani, da abin da za su ce.

"Tawa ta."

Hansatu ce. Ta fito daga zaurenta, hannunta duk toka, ta taho har gaban Nafisa.

"Ni na shanya. Na ga gari ya watse, na ce ba mai gani. Malam ya taɓa korata, kowa ya sani. Bai san na dawo ba."

Magaji ya sunkuyar da kai yana wasa da sanda a ƙasa. Nafisa ta dubi Hansatu, ta ce, "Inna, kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To shiga ki juya ta, zan ɗauki hoto kina ciki. Ki bi ta duka, daga farko har ƙarshe."

Na ji haushin wannan a raina, na ce yarinyar nan aikin gwamnati ya ƙeƙasa mata zuciya, ina amfanin wahalar da baiwar Allah cikin rana? Hansatu ta cire silifa ta shiga. Buhu bakwai, rana tsaka, siminti yana ƙuna. Ta bi ta layi-layi har ta gama, muna tsaye muna kallo. Sai da ta kai ƙarshe Nafisa ta ɗaga waya ta ɗauki hoto.

Aka kawo takarda. Hansatu ta dangwala yatsa. Nafisa ta miƙo mini biro, ta nuna mini wurin da aka rubuta cewa shugaban kwamiti ya shaida ba da saninsa aka yi ba. Na sa hannu. Sahabi, da manyan baƙi, har da ɗan lanƙwasan da nake yi a ƙarshe. Da za ta tafi ta rusuna ta ce, "Malam, Allah ya ƙara lafiya," amma ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Da yamma mai shela ya zagaye gari da sunan Hansatu, bisa dokar da na kafa da bakina. Ina cikin ɗaki na ji shi ya wuce ta ƙofar gidana. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai mura. Safiya ta ajiye mini tuwo, ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Tunda ta ce tata ce, dole ita ta kwashe. Kwana tara tana shanya shinkafar nan kaɗan-kaɗan a tsakar gidanta, ta ajiye nata gumin. Rana ta goma Dogo ya sauke mini buhu bakwai a zaure, a bushe ƙarau, an ɗinke bakinsu tsaf. Na sa aka jera su a ɗakin baya na rufe. Ban iya ci ba. Muka riƙa auno ta kasuwa, Safiya ba ta tambaye ni dalili ba, ni kuma na ɗauka ba ta lura ba ne.

Wata biyar bayan haka aka zo aka kafa shinge. Aka sa raga, aka yi rumfa, aka gina ɗaki. Ranar buɗewa an yi taro, an kawo 'yan mata daga Birnin Yauri muka buga da su, Ummi ta tare ƙwallo goma sha ɗaya, muka ci. Aka kira ni gaban jama'a aka damƙa mini makulli. Wani babba daga cikin baƙi ya ce samun mutum mai riƙon amana irina sai an tona. Aka tafa. Magaji ma ya tafa, a hankali. Na tsaya ina murmushi kamar wawa, ina jin makullin nan yana ƙona mini tafin hannu.

Washegari na kasa haƙuri. Na sa Dogo ya ɗora buhunan bakwai a amalanke, muka nufi gidan Hansatu. A tunanina asirin nan mu uku muka san shi: ni, da Dogo, da ita da ta hango ni daga zaurenta. Na yi sallama, ta fito tana goge hannu. Na ce ga wannan, ta karɓa don Allah, ta yafe mini. Na ce ban san da bakin da zan gode mata ba, da ta rufa mini asiri a garin nan.

Ta dubi buhunan, ta dube ni. Sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Wane asiri, Malam?"

Na ce, to, ai ba wanda ya sani.

"Haba Malam. Kai da ka koyar da rabin garin ga? Wa ad da bai tsaya kan layinka ba yana yaro? Shanya kowa da sawunai. Naka ƙafa guda ta tsaga da zurfi ta karkata waje, guda tana tsalle. Ni daga zaure ban gan ka ba, ina bayan gida wajen tukunya. Da na fito na ga shanya na san mai ita. Magaji ya gani. Tsohin da sunka biyo shi sun gani. Mai shela ma da ya dawo kasuwa matatai ta gaya mai."

Na dafa amalanke. Na ce, "Nafisa fa?"

"Ita ta hwara gani. Don mi kake zato ta sa ni in juye ta duka kahin ta ɗauki hoto?"

Wata biyar! Wata biyar ina yawo cikin gari da ƙirji a buɗe, ina amsa gaisuwa, ina yi wa yara huɗuba kan gaskiya a bakin fili, ashe kowa kallona yake yi. Matan famfo, da liman, da matata da nake kwana ɗaki ɗaya da ita. Ba wanda ya ko yi mini gatse. Wallahi da sun jefe ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce mata yanzun nan zan je wurin Magaji, a sa mai shela ya zagaya da sunana, a wanke ta. Ta taho har kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi ƙasa da murya.

"Ka yi mi? Don ka ji sanyi a ranka? In anka yi shela magana ta kai Birnin Kebbi, takarda ta zama ƙarya, a kori ɗiyar mutane daga aiki, a sa ma garinmu jan biro. Ka sa hannu, na sa yatsa, magana ta ƙare. Kuma kada ka ɗauka don kai na yi. Don Ummi na yi, ta samu raga ta tsaya ciki." Ta nuna amalanke da haɓa. "Kwashe shinkafarka ka kai gida ka ci. Ni ba ni so."

Ta koma ciki. Dogo ya juya shanu ba tare da na ce masa komai ba.

La'asar ta yi, na san yara suna can bakin shinge suna jira, makulli kuwa yana aljihuna. Na bi hanyar yashin da ta ratsa bayan makaranta. Da na kai ƙofa 'yan matan suka rusuna, "Malam, ina wuni," Ummi tana gaba da ƙwallo a hammata. Na amsa ban ɗaga kai ba. Ina kokawa da kwaɗo na waiga baya, sai ga shi nan a yashi, tun daga ƙofar Hansatu har inda nake tsaye: layi ɗaya mai zurfi, ya karkata waje.

Na buɗe musu suka shiga.